Azurfar da Kawu ya ce a narkar

Ranar da aka buɗe adudun Hajiya, kakarmu, don a lissafa abin da ta bari kafin rabon gado, ni aka miƙa wa biro da littafi, wai ni ce 'yar kasuwa. Muka fara da zannuwa, muka bi ta kan tasoshi da carbi uku da wani tsohon fasfo da gara ta ci gefensa. Can ƙasa, cikin ƙunshin tsumma, sai ga abu biyu. Ɗaya batta ce mai murfi, faɗinta bai fi tafin hannu ba. Ɗayar kuwa wata 'yar buta ce mai dogon wuya kamar na zalɓe, ba mariƙi, sai wani kai mai siffar fure da ƙananan ƙofofi. Dukansu sun yi baƙi ƙirin kamar gindin tukunya.

Goggo na gani ta ce, "Kai, marash ɗin Hajiya! Ashe yana nan."

Ita ta ba mu labari. Hajiya da mijinta sun yi aikin Hajji ta ƙasa, ta Cadi da Sudan, suka haye Bahar Maliya, suka zauna shekaru kafin su dawo. A Jidda ta yi aiki a gidan wani attajiri, kuma uwargidan ce ta ba ta waɗannan a sallama. Butar ta yayyafa ruwan wardi ce, ana zuba wa baƙi a hannu da tufafi. Battar kuma ta hoda ce, amma Hajiya kwalli da 'yan kunne take ajiyewa a ciki.

Kawu bai ja magana ba. Ya ce azurfa ce, a kai wa maƙeri ya auna, a karɓi kuɗi a zuba cikin gado. Na rubuta "azurfa, guda biyu", na sa su a jaka.

Maƙerin fari da na kai wa dattijo ne, tun muna yara shi ke yi wa gidanmu zobe da warwaro. Ya fara kanga musu maganaɗisu, bai kama ba. Ya goga gefen gindin battar a kan wani baƙin dutse, ya ɗiga ruwan gwaji a kan zanen, wurin ya yi ja. Ya ce azurfa ce mai kyau. Ya ɗora a sikeli, ya faɗi nauyi, ya ce zai rage wani abu saboda dauɗa da liƙi, ya yanka farashi a kan giram. Na tambaye shi me zai yi da su. Ya ce zobba mana, ai mahaifinsa ma haka ya riƙa narkar da tsofaffin kuɗin nan masu hoton Mariya Tariza, waɗanda duk 1780 aka buga a jikinsu.

Da ya tsaya nan, da yanzu an daɗe da sa zobban. Amma sai ya ɗaga butar wajen hasken ƙofa yana jujjuya ta, ya yi shiru har na gaji.

Ya ce, "'Yata, wannan fa ba zubi ba ne. Saƙa ce."

Ya sa ni na matso. Abin da na ɗauka zane ne a jikin ƙarfe ashe zare ne, zaren azurfa siriri kamar gashin wutsiyar doki. Ya yi mini bayani da farcensa a kan abin. Ana jan azurfa ta cikin wani ƙarfe mai jerin ƙofofi, daga babba zuwa ƙarama, ana gasa ta a wuta lokaci-lokaci don kada ta tsinke, har ta zama waya. Sai a haɗa biyu a murɗa kamar igiya, a danne su su yi faɗi, shi ya sa gefen ke da 'yan haƙora kamar zarto. Da waya mai kauri ake fitar da ƙashin abin, wato gidaje-gidaje, sannan a nannaɗe siririyar da matsefata a cusa cikin kowane gida har ya cika. A barbaɗa garin liƙi, a hura wuta. Wutar ta yi kaɗan bai kama ba, ta yi yawa aikin wata guda ya dunƙule. Ya ƙirga nannaɗe-nannaɗen da ke cikin gida ɗaya, wanda bai kai ƙwayar gyaɗa ba, ya sami goma sha ɗaya. Ya ajiye, ya ce shi dai in na sayar zai saya, amma in 'yarsa ce shi zai ce ta fara tambaya.

Na dawo da su gida, kuma a daren na yi ɓarna da hannuna. Na ɗauko man goge baki da tsohon buroshi na hau battar da dirza, kamar yadda muke yi wa sarƙa. Saman ya yi haske, na ji daɗi. Da gari ya waye man ya bushe a cikin ramukan saƙar, kowane gida ya cika da farin gari kamar an watsa alabo, kuma wata 'yar waya a bakin murfin ta ɗago. Garin neman gira na kusa rasa ido. Allah Ya sa ban taɓa butar ba.

Ɗan yayata yana karatu a Ingila. Na aika masa hotuna, ya nuna wa wata mata da ke aikin gyaran tsofaffin kayan ƙarfe a gidan tarihi, ta yarda mu yi magana ta bidiyo, shi yana fassarawa inda Turancina ya tsaya. Da ta ga farin garin ta dafe kai. Na ce mata na gani a intanet ana shimfiɗa takardar alminiyom a kwano, a zuba ruwan zafi da soda, baƙin ya tafi nan take. Ta ce gaskiya ne yana tafiya, domin baƙin nan haɗuwar azurfa ce da farar wutar da ke yawo cikin iska, kuma wannan dabarar tana raba su. Amma tana kwashe har duhun da ke cikin lunguna, wanda shi ke fito da saƙar, ta bar abin fari fat ba armashi. Ga butar kuma ta hana ni sam. Ta sa na kawo ta kusa da kyamara ta nuna mini abin da ban lura da shi ba: a kan 'yan furannin da aka manna a jikinta akwai ragowar wani shuɗi da kore, gilas ne da ake narkarwa a kan ƙarfe, kuma a ƙarƙashin saƙar jikin butar yana da ruwan zinariya. Ruwan zafi na iya fasa gilas ɗin, dirza kuma ta cinye zinariyar.

Abin da ta ce in yi ba wuya, haƙuri kawai yake so. Ruwa mai ɗumi-ɗumi, ɗigo biyu na sabulun wanke-wanke, buroshin fenti mai laushi irin na 'yan makaranta. A ɗauraye da tataccen ruwa, ba na rijiya ba. A tsane da farin ƙyalle, a busar da iska mai sanyi don kada ruwa ya kwana a ciki. Farin garin da na jawo kuwa sai da tsinken sakace da na jiƙa ya yi laushi, gida-gida. Inda baƙi ya yi kauri a wurare masu santsi, garin alli mai laushi da ɗan ruwa a kan auduga, a shafa a hankali. Dare huɗu na yi bayan Isha'i, da fitilar waya a ɗaure a jikin kofi. Yara suka ce Mama ta zama mai gyaran agogo.

A dare na uku, ina goge gindin battar ta waje, sai audugar ta riƙa maƙalewa a wani wuri. Na duba da gilashin ƙara girma. Tambari uku ne a jere, kowanne bai kai ƙwayar gero biyu ba: WH, sai 90, sai wani harafi irin na Sinanci.

Nan na yi dariya ni kaɗai. Shekara tara ina zuwa Guangzhou saro takalma da jakunkuna, mu da muke ce mata Gwanzo, kuma in mutum yana son ya kushe kayana sai ya ce ai ɗan Chana ne. Ga shi abu mafi daraja a adudun kakata ɗan Chana ne.

Matar ta gane tambarin tun kafin in gama daidaita hoton. WH na Wang Hing ne, wani kanti da ya yi suna a titin Queen's Road a Hong Kong daga ƙarshen ƙarni na 19 zuwa farkon na 20, inda Turawa da sauran matafiya ke sayen kofuna da tire da kayan kwalliyar mata na azurfa. Kantin dillali ne, yana ba maƙera aiki, akasari a Kanton, wato Guangzhou ta yau, shi ya sa ake samun tambari biyu: haruffan boko na mai kanti, harafin Sinanci na maƙerar da ta yi aikin. Lambar 90 kuma tana nufin kashi 90 cikin 100 azurfa ce. Ta Ingila, wadda suke kira sitalin, kashi 92.5 ce. Dalilin bambancin ya tuna mini da dattijon maƙerinmu: maƙeran Kanton ma kuɗi suke narkarwa, dalar Sifaniya da ake bugawa a Meziko da Kudancin Amurka, wadda Turawa ke biyan kuɗin ganyen shayi da siliki da ita, kuma azurfarta wajen kashi 90 ce.

Ta ƙara mini da cewa na yi sa'a tambarina mai sauƙi ne. Maƙeran da suka gabaci Wang Hing, irin su Cutshing da Khecheong da Sunshing, sukan buga tambura masu kama da na Ingila, zaki mai tafiya da kan damisa da kan sarki, har aka daɗe ana ɗaukar kayansu a matsayin ƙirar Landan. Sai a 1975 wasu masu bincike a Amurka suka fitar da littafin da ya warware wannan.

Butar ba ta da tambari ko ɗaya. Na duba gindi, na duba wuya, ba komai. Ta ce haka yawancin kayan saƙa suke, babu fili mai santsi da za a buga, kuma tsofaffin ba a cika sa musu ba.

Tafiyata ta gaba ta zo bayan wata biyu, na ce shi ke nan, zan sa su a jakar hannu in nuna wa masu abin a garinsu. Tafintan da ke yi mini aiki a can shi ya tare ni. Ya ce, "Hajiya, kada ki soma." A dokar Sin, tsohon kayan tarihi da aka yi kafin 1911 ba ya fita daga ƙasar. Wanda ya shigo da nasa daga waje dole ya bayyana wa kwastam a filin jirgi, a rufe, a kai ofishin da ke tantancewa a yi rajista, sannan ranar fita a sake dubawa. In ka shige da shi shiru, ranar komawa ba ka da hujjar cewa ba a can ka saya ba. Na bar su a gida wajen Goggo, na tafi da hotuna sama da arba'in, kowanne da rula a gefe.

Akwai titin da na sha bi a Guangzhou ina neman rigunan mata, sunansa Shisanhang. Ban taɓa tambayar ma'anarsa ba. Ashe "gidajen ciniki goma sha uku" ke nan. A 1757 Sarkin Sin, Qianlong, ya taƙaita cinikin Turawa na teku a wannan gari kaɗai, wanda su suke kira Kanton, aka keɓe musu wani ɗan fili a bakin kogi inda suke da ɗakunan ajiya da masauki. Ba su da izinin shiga cikin ganuwa, kuma in lokacin ciniki ya wuce sai su koma Makawo. A 'yan lungunan da ke tsakanin gidajen nan maƙeran azurfa da masu zane da masu sassaƙar hauren giwa suka kafa shaguna. Haka aka yi ta yi har yarjejeniyar Nanjing ta 1842, bayan Yaƙin Ofiyom na farko, ta buɗe tashoshi biyar ta kuma ba Ingila Hong Kong. Gobara ta cinye gidajen a 1822, aka sake ginawa, suka ƙone ƙurmus a 1856 ba a ƙara tayar da su ba. Yanzu wurin lambun shaƙatawa ne, kuma a cikinsa akwai gidan tarihin gidajen goma sha ukun, bayan kasuwar tufafin kaɗan.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, matan Turawa an hana su taka wannan fili. Duk battocin hoda da kwalaben turare da akwatunan 'yan kunne da aka yi ta saƙawa a nan, maƙerin bai taɓa ganin matar da za ta yi amfani da su ba. Miji ko ɗan'uwa ko kyaftin ɗin jirgi ke kawo kwatance. Ni ma haka nake yi, ina nuna wa mai masana'anta hoton takalmin da matan Kano ke so, shi bai san inda Kano take ba. Na tsaya gaban gilashin da aka jera kayan azurfa na ɗora hoton butata a kai ina kwatantawa, har mai gadi ya zo ya ce in ɗage hannu.

Wani dattijo mai sayar da tsofaffin kaya, wanda tafintana ya kai ni wurinsa, ya daɗe a kan hotunan. Battar bai ɓata lokaci a kanta ba, ya ce irinta na da yawa, tana da kasuwa amma ba ta tayar da hankali. Butar ce ya yi ta buɗe hotonta da yatsu biyu. Ya ce irin waɗannan an yi su ne don kasuwar Indiya da ƙasashen Larabawa da Turkiyya, inda yayyafa wa baƙo ruwan wardi al'ada ce, Indiyawa na ce musu gulab pash. Daga Kanton zuwa Bombay, daga Bombay zuwa Jidda, hanya ce da jiragen fatake suka saba. Ya kuma gargaɗe ni cewa saƙar azurfa tana da wuyar dangantawa, domin maƙeran Sin sun yi aiki a Manila da Batabiya, wato Jakarta ta yau, kuma Indiya tana da nata gwanaye a Karimnagar da Cuttack, aikin duk yana kama da juna. Amma saboda shuɗi da koren gilas ɗin da yanayin furannin, shi ya fi karkata ga Kanton, kuma ya ce ta girmi battar nesa ba kusa ba.

Ya buɗo mini hoto a wayarsa: kayan kwalliyar Sarauniya Katarina ta Rasha, guda 32, saƙar Sin ta tsakiyar ƙarni na 18, suna gidan tarihin Hermitage a birnin Saint Petersburg. Madubi, akwatuna, battoci masu siffar ƙaguwa a kan ganye, da butocin ruwan wardi masu dogon wuya. Ya ce kada in ɗauka yana cewa tawa ta kai waɗannan, dangi ɗaya ne dai, kamar yadda mai unguwa da sarki duk rawani suke naɗawa. Wannan misalin nawa ne, nasa ya fi tsawo kuma tafinta ya sha wuya a kansa.

Kafin in tashi ya tambaye ni ko na buɗe wuyan. Na ce na gwada ya ƙi, ina jin ya ci tsatsa. Ya yi murmushi ya ce in murɗa ta hannun da ake ɗaurewa. Ranar da na dawo, ko jakata ban kwance ba na karɓo ta wajen Goggo, na riƙe da ƙyalle, na murɗa dama. Ta buɗe kamar jiya aka rufe. Duk kwanakin nan ƙara ɗaure ta nake yi. Zaren murɗin ma ba yanka shi aka yi da inji ba, waya ce aka nannaɗe aka liƙe. A ciki akwai wani busasshen abu ja-ja, Goggo ta shinshina ta ce ba ta jin komai sai ƙarfe.

Gwaji na ƙarshe wajen wani mai sayen gwal aka yi, mai na'urar da ke haska ƙarfe ta faɗi abin da ke cikinsa ba tare da an kankare ba. Battar ta fito daidai da tambarinta. Zaren butar ya ɗara ta tsabta, kuma na'urar ta nuna ɗan burbushin zinariya da dalma, abin da matar can ta ce in duba, domin tsohuwar azurfa ba ta rasa su, ta zamani kuwa da ake tacewa da lantarki takan fito wanke. Wayar da na ɗaga a murfin battar, dattijon maƙerinmu ya mayar da ita da matsefata, ya ƙi kai ta kusa da wuta.

Sai muka koma zaman gado. Na karanta wa Malam duk abin da na tara. Ya saurara, sannan ya kawo abin da ban yi tunani ba ko sau ɗaya. Ya ce hadisin hana ci da sha a ƙwaryar zinariya da azurfa yana cikin Buhari da Muslim, kuma malaman Malikiyya sun faɗaɗa hanin zuwa sauran amfani, har da ajiyewa, ko ga mace, domin abin da aka halatta mata ado ne na jiki. Ya ce akwai malamai irin su Shaukani da suka tsayar da hanin a kan ci da sha kawai. Na ce, "Allah gafarta Malam, to Hajiya fa da ta ajiye shekara sittin?" Ya ce Allah Ya jiƙanta, mu dai yanzu dukiyar magada ce a hannunmu, abin da ya fi shi ne a fitar da su a raba kuɗin, kuma kada a yi gaggawar da za ta tauye haƙƙin marayun da ke ciki.

Kawu ya ce to ai maganarsa ce tun farko. Goggo ta ce maganarsa narkarwa ce, ba sayarwa ba. Aka ɗan yi sama-sama, Malam ya raba.

Battar an sayar wa wani mai tara irin waɗannan kaya ta hannun ɗan yayata, kuɗin ya ninka na sikeli sau da yawa, an zuba cikin gado. Butar kuwa wani gidan gwanjo a Landan ya nemi hotuna ta kowace fuska, da tsawo da nauyi, da takardar da ke bayyana yadda ta zo hannunmu. Na zaunar da Goggo ta faɗi abin da ta sani na rubuta, muka haɗa da hoton tsohon fasfon nan da gara ta ci, wanda har na kusa zubarwa ranar farko. Sun ce sai masaninsu ya riƙe ta a hannu kafin su sa mata shekaru ko ƙiyasi, kuma gwanjon kayan Asiya ba kullum suke yi ba.

Tana nan a naɗe cikin farin ƙyallen auduga, a leda mai zif, da ɗan guntun alli a ciki don danshi. An ce kada roba ko jarida ko ulu su taɓa ta, duk suna sa baƙi. Ɗan yayata zai zo hutu da damina ya tafi da ita. Kawu kuwa duk Juma'a in ya biyo gaisuwa, bayan ya sha ruwa, sai ya ce, "To 'yar kasuwa, Turawan naki sun yi magana?"